Amsa ga Uwar da Aka Ce Ɗanta Ya Zama Daƙiƙi

Assalamu alaikum Hajiya,

Kin bugo waya a shirinmu na lafiya a rediyo, lokaci ya ƙure kafin in amsa miki. Kin ce an cire wa ɗanki ƙari a ƙeya yana shekara 6, aka yi masa gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe ƙwayoyin daji, aka kuma yi masa allurar daji. Shekara 3 ke nan ana cewa ciwon bai dawo ba, amma malaminsa na Islamiyya ya ce yaro ya zama daƙiƙi: surorin da ya haddace kafin ciwo suna nan daram, sabon karatu ne ba ya zama. Kika tambaye ni ko wasa ya sa a gaba.

Ba wasa ba ne, Hajiya. Abin da malamin ya lura da shi, masu bincike sun riga sun gano shi. A shekarar 2001 masana na asibitin yara na St. Jude a Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar yara 44 da aka yi wa maganin medulobilastoma, wadda ita ce dajin ƙwaƙwalwa da ya fi kama yara. Makinsu a gwajin basira yana raguwa da kusan 2.5 kowace shekara. Ba mantuwa suke yi ba. Sabon abu suke ɗauka a hankali, tsararsu na yin gaba, tazara na ƙaruwa. Shi ya sa matsalar ba ta bayyana sai an yi shekaru da sallama, lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin.

Gashi yana kashe ƙwayoyin daji, amma yana taɓa fararen jijiyoyin da ke kai saƙo daga wannan sashen ƙwaƙwalwa zuwa wancan, kuma a shekara 6 ba su gama ƙwari ba. Saƙon yana isa, sai dai a makare. Yaron ya san amsa, kafin ya haɗo ta malam ya wuce kan na gaba. Nan ne raina ke ɓaci, domin yaron da ya sha wuƙar likita da gashi ya tsira, bai kamata a tarbe shi da bulala ba. Duka ba ya gyara jijiya, tsoro kuma yana ƙara ɗaure tunani.

Kafin komai, ki kai shi Asibitin Malam Aminu Kano a gwada jinsa. Sisfilatin, ɗaya daga magungunan da ake ba masu wannan ciwo, yana rage ji, kuma yaro da yawa ana ce masa ba ya ganewa alhali ba ya ji sosai ne. A duba jininsa ma, don gashi kan raunana halittar wuyan nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, sai yaro ya riƙa kasala.

Malamai kuwa ki roƙe su da girmamawa su zaunar da shi a gaba, a ba shi aya ɗaya ko biyu maimakon shafi, a jira shi in an yi tambaya. Kada ki cire shi daga makaranta, kada ki hana shi ƙwallo. A Toronto ta Kanada an sa irin waɗannan yara motsa jiki na mako 12, saurin amsawarsu ya ƙaru.

Idan kuma kika ga ciwon kai da amai da sassafe, ko yana tangaɗi, ko barci ya yi masa yawa, kada ki jira ranar ganin likita, ki kai shi a ranar.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka miki da alheri.

Wassalam,
Likitan da kika tambaya