Zuwa ga ɗiyata mai tambayar kwalaben bitamin

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Ranar taron wayar da kan mata kan ciwon daji, ke ce kika miƙe daga can baya. Kika ce innarki na fama da ƙari a nono, tana zuwa Yamai karɓar shimiyo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin daji, kuma wata mata ta kawo maku kwalabe uku na bitamin, jika talatin a wata, wai za su ƙara mata jini su tsayar da ƙarin. Kika ce aljihunku ba zai ɗauki kwalaben da cefane mai kyau a tare ba, to wanne za ku riƙe? Aka kira magariba ban ba ki amsar kirki ba, mata suka watse. Ban san sunanki ba, shi ya sa na rubuto a fili, kuma na san ba gidanku kaɗai aka kai wa irin kwalaben nan ba.

Ki kai kuɗin kasuwar Dole, ɗiyata. Ki sayo wake, ƙwai, nono da ganye.

Ba ƙin magani nake ba, rayuwata ta aiki duk wajen jinya na yi ta. Su kansu likitocin Turai sun taɓa yin irin tunanin mai sayar maku. Sun lura masu yawan cin karas da ganye ba su cika kamuwa da dajin huhu ba, sai suka ce a ciro sinadarin nan mai sa karas ja, beta-karotin, a dunƙule shi a ƙwaya. Aka gwada a Finlan kan maza masu shan taba kusan 29,000. Da sakamako ya fito a 1994, masu shan ƙwayar sun fi sauran kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. Wani gwaji makamancinsa a Amurka sai da aka dakatar da shi a 1996 tun lokacinsa bai cika ba, don can ƙaruwar ta kai kashi 28. Aka kuma jarraba bitamin E a wani gwaji na maza wajen 35,000, kullum abin da ya ninka bukatar jiki fiye da sau goma, a 2011 aka ga dajin mafitsara ta maza, wato furostat, ya ƙaru da kashi 17. Karas ɗin kansa bai cuci kowa ba. Kamar gishiri ne: ɗan kaɗan a miya ya gyara ta, a ba ki cokali cike ki haɗiye kuwa wani zance ne.

Waɗancan ma lafiyarsu lau aka ba su. Ga wadda ke kan magani akwai wata fargabar. Gashin na'ura, wato ƙona ƙarin da haske, da wasu magungunan shimiyo suna aiki ne ta hanyar lalata ƙwayoyin halittar ƙarin, bitamin C da E masu yawa kuwa aikinsu kare ƙwayoyin halitta daga irin wannan lalacewar. Ana tsoron su yi wa ƙarin garkuwa. A Kanada an ba masu dajin baki da maƙogwaro bitamin E lokacin gashi don a rage masu wahala, sai ciwon ya fi dawo wa waɗanda suka sha. Ko ƴar jar ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki kada innarki ta sha da ka: tana da asid folik, shi kuwa yana ƙara dafin kapesitabin, ɗaya daga magungunan dajin nono.

Akwai inda ƙwaya ke da wurinta. In awon jini ya nuna ƙarancin ƙarfe, likita zai rubuta. Matan da ke shan magungunan dajin nono letrozol ko anastrozol na shekaru akan haɗa masu da kalsiyom da bitamin D saboda ƙashi na yin rauni. Wanda aka cire wa tumbi sai da allurar B12. Duk waɗannan awo ne ya nuna giɓi aka cike shi, kuma wanda ya san maganin da ke shiga jijiyarta ne ya rubuta.

Abin da ya fi tayar mani da hankali game da innarki shi ne rama. Na sha ganin mata sun yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, an auna su an ga jiki ba zai ɗauki magani ba, an ce su jira. Kuɗin mota ya tafi, ƙarin kuwa ba ya jira. Ƙwayar bitamin ba ta da abin da ke gina tsoka ko ya ba da ƙarfin tashi. Wannan a akushi yake. Kuma kada ki saurari masu cewa a hana ta tuwo da nama da duk mai zaƙi wai don a kashe ƙarin da yunwa. Ita ce za ta ƙare kafin shi.

Ki dama mata kunun gyaɗa mai kauri, ki zuba madara. Fura da nono, amma nonon a tafasa madararsa kafin a kwantar, don shimiyo na rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Dafaffen ƙwai, faten wake, awara, romon kaza, hanta sau ɗaya a mako. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ganyen a dafa shi sosai. (Zogale abinci ne mai kyau, wanda aka ɗura a kafso ake cewa yana warkar da daji, kuɗinki kawai zai ci.) Garin ɗiyan kuka a kunu ko a nono yana da bitamin C mai yawa, in dai bakinta bai yi gyambo ba, don tsami zai yi mata zafi. Kabewa, karas, gwanda, mangwaro a lokacinsa, duk abin da lambunan Miriya da Gidimuni suka kawo, a wanke da ruwa mai tsabta a fere. Kwanakin da ke bin shimiyo, lokacin da ko ƙamshin girki ke tayar mata da zuciya, kada ki ajiye mata kwano cike. Loma uku yanzu, loma uku bayan awa biyu, kuma mai sanyi ya fi shiga.

Gyaɗar nan dai ki tsince ta da kanki. Wadda ta yi funfuna, ta yamushe ko take ɗaci tana iya ɗaukar dafin aflatoksin, wanda ke jawo dajin hanta, balle ga mai ciwon hanta nau'in B. Suya ba ta kashe shi.

In an riga an buɗe kwalaben, kada ki zubar, kuma kada ki ɓoye. Ki sa su a leda tare da duk wani jiƙo ko gari da dangi suka kawo, ranar komawa Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa ki ajiye su gaban likitanta ya karanta abin da ke jikinsu. In ya yi faɗa ki haƙura, ya fi ya gani. Waɗanda ba a buɗe ba ki mayar wa mai su. Ki kuma riƙa auna nauyin innarki duk mako a asibitin unguwa kina rubutawa a takarda, ki tafi masa da ita.

Ki gaishe mani da ita da jiki. Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Innarki,
tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Birni, Damagaram