Yadda Kiristoci ke tantance sahihancin Littafi Mai Tsarki

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili a jaridarku kan wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisun Hausawa nan Sudan, daga Gadarif har Mai Wurno. Wani ya ce an canza Injila gaba ɗaya, wani Kirista kuma ya kafe cewa ko ɗigo bai taɓa bambanta ba. Na fi jin zafin na biyun, domin Kiristan da bai san tarihin littafinsa ba, tambaya ɗaya ce ke kayar da shi.

Kafin zuwan injin ɗab'i da hannu ake kwafa, kuma hannu yana kuskure ta hanyoyin da aka sani. Idon mai kwafa yakan tsallake daga wata kalma zuwa irinta a layin ƙasa, sai layi guda ya salwanta. In shifta ake yi masa, kunne ya yaudare shi: a Girkancin wancan zamani, kalmar "mu" da kalmar "ku" furucinsu ya zama ɗaya. Wani lokaci kuma hashiyar da wani malami ya rubuta a gefen shafi sai mai kwafa na gaba ya shigar da ita cikin nassi.

Abin da ke warware wannan shi ne yawan kwafi. Akwai rubuce-rubucen hannu na Sabon Alkawari fiye da 5,000 cikin Girkanci kaɗai, ban da tsofaffin fassarori na Latin, Siriyanci da Kibɗanci. Masana kan jera su, su ba mafi tsufa nauyi, su duba ko kwafin Masar ya yi daidai da wanda ya fito daga wata ƙasa mai nisa. In karatu biyu sun saɓa, sukan fifita mai wuyar fahimta, saboda ɗabi'ar mai kwafa ce ya sassauta magana. Akwai wani guntun takarda ɗan ƙarami daga Yohanna sura 18 da ke ajiye a Manchester ta Ingila, wanda ake danganta shi da ƙarni na 2. Kundin Sinai da kundin Vatican kuma, tsofaffin kwafin Littafi Mai Tsarki cikin Girkanci, na ƙarni na 4 ne. A cikin waɗannan biyun babu Markus 16:9-20, babu kuma Yohanna 7:53 zuwa 8:11, shi ya sa fassarori da yawa na yau suke sa wa wuraren alama. Fastoci su riƙa faɗa wa jama'a wannan tun daga mumbari, kada matashi ya fara jin sa a bakin abokin gardama.

Tsohon Alkawari ma yana da shaidarsa. A 1947 aka gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, ciki har da littafin Ishaya cikakke a kan fata, tsawonsa ya wuce mita 7. Ya girmi kwafin Ibrananci da ake dogaro da su da kusan shekara 1,000, kuma yawancin bambancin na rubutun kalmomi ne. Littafin annabi Ishaya ne kuma ma'ajin sarauniya Kandake yake karantawa a keken dokinsa a Ayyukan Manzanni sura 8. Kandake laƙabin sarauniyoyin Marawi ne, masarautar da dalarta ke Bajarawiya arewa da Shandi, kuma sunan ne 'yan Sudan suka riƙa kiran mata da shi a zanga-zangar 2019.

Batun mu'ujiza daban ne. Tsohuwar takarda tana nuna cewa an adana magana, ba ta isa ta tabbatar da cewa matacce ya tashi ba. Nan Kirista yana tsayawa ne a kan shaidu da bangaskiya. Bulus, a wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa sura 15, wadda ya rubuta wajen shekara ta 55, ya lissafa waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa, har da mutum fiye da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna raye a lokacin. Masu sayar da kwalbar mai da ruwan addu'a da sunan warkarwa kuwa, su koma wannan sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni, inda Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Gadarif, Sudan