Zafin inji da na giyabos a Hawan Kibo: kira ga direbobin a-kori-kura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin direbobin Hilux da sauran motocin a-kori-kura waɗanda ke jan ƙaramar tirela ko matacciyar mota zuwa Jos ta Hawan Kibo, ko zuwa Gembu a kan tsaunin Mambilla.

Yawancinmu allurar zafi da ke gaban direba kaɗai muke kallo, alhali ruwan inji take aunawa, ba ta san halin da man giya yake ciki ba. Ruwan inji mai lafiya yakan tsaya tsakanin digiri 90 da 105 a ma'aunin Salshiyos. Man giyar otomatik kuwa ya fi son digiri 80 zuwa 95, kuma da zarar ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, ya yi baƙi, ya rage santsi. A motoci da yawa ta cikin lagireto ake sanyaya wannan mai, saboda haka a hawa mai tsawo zafin ɗaya yana ƙara wa ɗayan wahala.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin mota a babbar giya ana danna totur har ƙasa. A wannan hali giyabos yana ta sauya giya sama da ƙasa, ƙarfin da ya kamata ya isa tayoyi yana komawa zafi a cikin mai, ga kuma mota tana tafiya a hankali, iskar da ke bugun lagireto ta ragu. Direban da ya sauko zuwa giya ta biyu ko ta uku tun daga gindin dutse ya fi dabara, domin famfon ruwa zai juya da sauri, haka ma fankar da bel ke ja. Ƙarar inji za ta ƙaru, amma hakan ba illa ba ne. Kada a manta kuma cewa Jos tana da tsayin kusan mita 1,200, inda injin da ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ke rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa saboda ƙarancin iska.

Ina kuma roƙon 'yan'uwana kanikawa su daina cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zagayawar ruwan inji gwargwadon zafinsa, da sunan maganin zafi, su daina zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, domin tsatsar da yake haifarwa ce ke toshe hanyoyin ruwa. Idan allura ta nufi ja, a kashe na'urar sanyaya mota, a faka a gefe, a bar inji yana aiki har ya huce, matuƙar ba zubar ruwa ake gani ba. Buɗe murfin lagireto a lokacin ganganci ne da ya ƙona fuskoki da dama.

A wajen gangara ma ƙaramar giya ce ya kamata ta riƙe kaya, tunda birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Zai yi kyau Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da ƙungiyoyin direbobi su kafa alluna da Hausa a gindin waɗannan hawa da kuma ƙololuwarsu.

Naku,
Wani tsohon direba, daga Jos