Wasiƙa daga bakin tekun Fasifik

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, da Hajiya da sauran mutanen gida. Uwargida ta ce saƙonka ya iso kana tambayar ko mun ɓata ne, ganin shirun ya yi tsawo tun bayan Salla. Lafiya lau muke, hanya ce ta riƙe mu. Mun yi hayar mota mai ɗaki a ciki, irin wadda ke da gadaje da kicin da banɗaki, muka taso daga Baltimo, a gabashin Amurka, da yaran duka, kuma yanzu haka ina rubuto maka ne daga wani zango a jihar Washinton, ina jin ƙarar teku. Kai da ko Zariya za ka sai ka yi sallama da dangi ɗaya bayan ɗaya, na san za ka ce mun zautu.

Dalilin wannan tafiya shi ne ɗana, takwaranka. Wata mai zuwa zai tafi jami'a, kuma ka san damuwar da na faɗa maka a waya, cewa yaron ya koma rayuwa a ɗakinsa, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na yi tunanin idan ban samu lokaci da shi yanzu ba, to sai dai in riƙa ganinsa baƙo a lokacin hutu.

A cikin wannan motar babu ɗakin da mutum zai kulle kansa. Duk zangon da muka sauka akwai aikin da ke jira: a daidaita motar don kada ta karkace, a jona wuta, a jona ruwa, da safe kuma a kai ta wurin zubar da ruwan datti, tankin banɗaki da farko, sannan na wanke-wanke don ya ɗauraye tiyon. Na ɗauka zai guji wannan aiki na ƙarshe, sai ga shi ya karɓe shi gaba ɗaya, har yana yi wa ƙannensa faɗa idan sun ɓarnatar da ruwa wajen alwala. Shi ne kuma mai duba alƙibla, wadda a ƙasar nan take arewa maso gabas, kuma da yake rana ba ta faɗuwa a Montana sai bayan ƙarfe tara na dare, shi ya fara tambayata hukuncin ƙasaru da haɗa salloli. Wallahi na daɗe ban ji daɗin tambaya irin wannan ba.

Mun bi ta Shikago zuwa Miniyafolis, inda muka cika firji da naman halal a shagunan Somaliyawa, domin daga nan zuwa yamma samunsa sai an sha wuya. Daga nan muka hau babbar hanya mai lamba 90, muka ratsa Dakota ta Kudu, fili iya ganinka. Mai kam mun sha shi, don lita ɗaya da ƙyar take kai mu kilomita huɗu. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne katin shekara na dala 80 da ke buɗe wa mota ɗaya ƙofar gandayen daji na ƙasa, da kuma kuka da daddawa da uwargida ta yi guzuri, waɗanda suka raba mu da gidajen abinci.

A gandun Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872, muka fi daɗewa. Mun ga maɓuɓɓugar ruwan zafin nan da ke feso ruwa sama fiye da mita 30 kusan duk bayan awa ɗaya da rabi, mun kuma ga garken ɓauna sun tare hanya, doka ta ce kada a matso su ƙasa da yadi 25. Dare kuwa sanyi ne sosai duk da ana tsakiyar zafi, saboda tudu ne mai tsawo. A can ne wata rana, bayan ƙarfe goma da ake hana hayaniya a zango, muna zaune ni da takwaranka gaban wuta, ya faɗa mini cewa yana tsoron tafiya jami'ar, yana tsoron kada ya kasa, kuma ya daɗe yana son faɗa mini amma yana ganin kullum a gajiye nake dawowa. Da Hausa ya faɗa, tana karyewa, amma bai sauya harshe ba har ya gama.

Mutanen zango kuwa sun ba ni mamaki. Yawancinsu tsofaffi ne da suka yi ritaya, yau ku yi maƙwabtaka gobe kowa ya kama gabansa, kamar fataken da kakanninmu ke ba mu labari. Wani dattijo ya ga muna salla a kan ciyawa, ya kashe injinsa har muka sallame, washegari matarsa ta zo tambayar miyar da ƙamshinta ya ishe su.

Jibi za mu juya ta hanyar kudu in Allah ya yarda. Takwaranka ya ce in roƙe ka ka kira shi kafin ya tafi makaranta, yana da maganar da yake son shawararka a kai, ni ma bai faɗa mini ba. Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa mu a addu'a, hanyar komawa da nisa.

Wassalam,
Amininka.