Zuwa ga matuƙinmu na gobe

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Wata bakwai ko flashin babu, sai a bakin Hajiya zan ji wai ka tara littattafan tuƙin jirgi. Kai da lilon sallah ke sa wa jiri! To, Allah ya sa albarka. Amma ta ce kwana kake haddar tsofaffin tambayoyin jarrabawa, shi ya sa na ɗauko biro.

Akwai abin da ake haddacewa, ban musa ba: 121.5 mitar neman agaji ce, a na'urar da ke nuna jirgi ga masu kula da zirga-zirgar sama kuma lambar 7700 gaggawa, 7600 rediyo ya mutu. Ilimin yanayi da lissafin ƙarfin jirgi kuwa sai da takarda da fensir. Ɗauki filin jirginmu na Kaduna, wajen ƙafa 2,070 yake sama da teku. A littafi zafin bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da 2 duk ƙafa dubu, wato 11 ya kamata a samu a nan. Da azahar a watan Afrilu fa? Sai ka ga 38. Tazarar 27 ce, ninka ta da ƙafa 120, ka ɗora a kan tsayin filin. Jirgi na tsaye a ƙasa, amma inji da fukafukai ji suke suna ƙafa 5,300. Iska ta yi shara-shara, farfela ba ta samun abin kamawa, gudun kan titi kafin tashi ya ƙaru, hawa ya yi nauyi. Mai hadda da an sauya masa lamba ɗaya shi ke nan, ya ɓata.

Haka agogon tsayi. In ka saita QNH, wato matsin iskar da ake sa wa agogon, ba daidai ba, kowane hektofaskal (ma'aunin matsin ke nan) wajen ƙafa 30 ne, kuskuren goma ya zama ƙafa 300. Mafi muni ka taso daga inda matsin iska ke da yawa zuwa inda yake ƙasa ba ka sake saiti ba, agogo na cewa kana sama, kai kuwa ka kusanci dutse.

Af, mai shayinmu ya koma Kawo, har yanzu yana cigiyar mai bashin ƙwai uku. Na ce ban san shi ba. An kuma sa ranar autarku bayan babbar sallah, kada ka ce ba a faɗa maka ba.

Ina muka tsaya? Kafin ka biya kuɗin makaranta ko sisi, ko kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya ce ko wata, fara yin gwajin lafiya aji na biyu wurin likitan da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi. Matsalar rarrabe launi tana iya tsayar da komai, gara ka sani tun kuɗinka na aljihu. Don lasisin matuƙi mai zaman kansa, tashi awa 40 ne mafi ƙaranci, goma kai kaɗai. Ka bar karatun aji mai nauyi zuwa hunturu, don in hazo ya sauko gani ya gaza kilomita 5, ɗalibi zaman ƙasa yake yi. Da damina kuma kada ka yi dariya in an ce maka ƙanƙara na toshe kafireto. Danshi ke jawo ta, ko da zafin waje ya kai 25, alamar farko juyin inji ya riƙa raguwa.

Lissafa mini tsayin da inji zai ji a filin Fatakwal da zafin 32 ka aiko, in ga ko da gaske kake. Ka gaida amarya, ka ce ta ɓoye littafin tambayoyin nan.

Naka har kullum,
daga Tudun Wada