Wasiƙa daga Manchesta a kan Hajiya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da su Anti da yara. Mu ma lafiya lau, sai sanyi. Rubutu na zaɓa saboda in na kira ka kuka ba zai bar ni in yi magana ba.

Tun da Hajiya ta zo mini jego nake ganin abin da ba halinta ba. Miyar kuka ɗaya, sau uku ta zuba mata gishiri. Takan sallame la'asar ta naɗe darduma, can ta tambaye ni ko lokacin la'asar ya yi. Da farko na ɗora laifin a kan baƙunta da duhun garin nan, tunda a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Da abin ya ƙi ƙarewa na kai ta asibiti.

Sun fara da gwajin jini, don ƙarancin bitamin B12 ko matsalar tayirod (gaɓar wuya da ke zama maƙoƙo in ta kumbura) na iya kawo mantuwa, kuma suna da magani. Duk lafiya. Sai gwajin tunani mai maki 30, ta bakin tafinta. Aka faɗa mata kalmomi uku, bayan ɗan lokaci aka ce ta maimaita, ɗaya ta kamo. Aka ce ta riƙa cire bakwai daga ɗari. Ta ce 93, ta ce 86, sai ta yi shiru tana murza carbi. Yaya, Hajiyar da ke riƙe lissafin adashin mata ashirin a ka! A nan na juyar da fuska.

Da aka tambaye ta wata, ta ce Rajab, kuma gaskiyarta. Sai da na yi wa likita bayani ya ba ta makin. Da aka ce ta zana agogo kuwa, na ce ba a yi mata adalci ba, matar da ba ta taɓa riƙe fensir ba. Ta samu 21.

Bayan hoton ƙwaƙwalwa likita ya ce farkon cutar mantuwa ta Alzheimer ce, ga hawan jini yana ƙara mata nauyi. An ba ta donepezil, ƙwaya ɗaya da dare. Ba ya warkarwa, sauƙaƙawa yake yi.

Na san Gwaggo za ta ce sammu ne, wasu su ce gigin tsufa. A yi mata addu'a, amma kar a dakatar da magani. Mutum ɗaya ya riƙa ba ta ƙwayoyin. Don Allah ka hana yara yi mata jarrabawar "kin gane ni?", kunya take ji sosai. Makullin sito ma a bar mata, ku yanko wani a ɓoye.

Yasin ɗinta dai har yanzu ba ta tuntuɓe ko sau ɗaya. Jiya da ita ta lallashi jaririya ta yi barci.

Zan rako ta da kaina bayan azumi, in sha Allah. Ka gaida Kawu.

Ƙanwarka