Wasiƙa zuwa ga ɗana a Landan

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, yayarka ta shaida mini cewa ba ka da niyyar dawowa idan ka kammala karatu, domin kana son ka zauna a Landan ka riƙa rubuta wasan kwaikwayo, har kana kafa hujja da cewa Shakespeare ma sai da ya bar garinsu kafin sunansa ya fito. Ni ne na fara sa maka littafin wasansa Julius Caesar a hannu kana aji uku, kuma ban yi nadama ba, amma tunda da shi ka kafa hujja, bari in tuna maka abin da ka tsallake.

Ɗan mai ɗinkin safar hannu ne, haifaffen Stratford a 1564, kuma karatu ne jarinsa. Ya sha waƙoƙin Ovid, mawaƙin tsohuwar Roma, ya ɗebo labarin Kaisar daga littafin tarihin da Plutarch, marubucin Girka, ya rubuta, wanda Thomas North ya fassara a 1579, ya kuma samo Macbeth da sarakunan Ingila daga littafin tarihin da Holinshed ya wallafa. Littattafan nan za su karantu a zauren gidanmu kamar yadda suke karantuwa a bakin kogin Thames na Landan.

Abin da ke hana ni barci daban ne. Shakespeare ya auri Anne Hathaway a 1582 yana da shekara 18, ta haifa masa 'ya'ya uku, sana'a ta riƙe shi a Landan, su kuwa suna Stratford. A watan Agustan 1596 aka binne Hamnet, ɗansa namiji tilo, yana da shekara 11. Duk lokacin da na tuna wannan, ɗanka mai sunana nake gani. Shekaranjiya na ji shi da kunnena yana kiran ƙanenka Baba, maiɗakinka ta sunkuyar da kai, ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba. Ni na zauna gaban mahaifinta na karɓi amanarta, to da wane ido zan dube shi? Za ka ce ni ma na bar ku shekara biyu ina Zariya, amma ka sani duk ƙarshen wata ina gida.

Ban hana ka rubutu ba, har na sa an share maka ɗakin soro an kai tebur. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka faɗa mana ranar da jirginka zai sauka Kano. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka